Jirgin ƙasa a Gwandu da Kalgo: inda ƙirƙirarriyar basira ke da amfani, da inda take ƙaga layin da babu shi

An ƙirƙiri Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, amma har yau babu ko taƙi ɗaya na layin dogo a ƙananan hukumominta 21. Layin da Turawan mulkin mallaka suka jawo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya ne a Ƙaura Namoda a 1929, kuma tun daga wannan shekara ba a ƙara masa ko ƙarfe guda ta wajen yamma ba. Daga garin Gwandu zuwa can ya haura kilomita 200, ko da tsuntsu ne zai yi tafiyar. Saboda haka yaron da ya tashi a Gwandu ko Kalgo yana iya kammala jami'a bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa da kunnensa ba, sai dai a waya.

Wannan bai hana a samu masu sha'awarsa ba. Tun da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, sannan aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, zancen dogo ya shiga hirar matasa a Facebook da zaurukan WhatsApp, har a garuruwan da layin bai nufa ba. Ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Kalgo wanda ya taɓa hawa jirgi daga Rigasa, da ɗan kasuwar albasa da ya san abin da tirela ke ci kafin ta kai Legas, tambayarsu ɗaya ce: yaushe zai iso nan? A 'yan shekarun nan kuwa an samu sabon wanda ake yi wa tambayar, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp. Suna amsawa nan take, da Hausa ma, cikin natsuwar wanda ya sani. Abin dubawa shi ne wace amsa ce za a iya dogara da ita.

Masoya jirgin ƙasa sun fi yawancin mutane dacewa da auna wannan, domin sha'awarsu tun asali a kan ƙididdiga da tabbaci aka gina ta. A Ingila, wani matashin ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi a 1942 da ya jera lambobin kawunan jiragen kamfanin da yake wa aiki. Yara suka riƙa tsayuwa a bakin tasha da littafin, suna ja wa lamba layi idan kan jirgin ya wuce. Ƙa'idar wasan ita ce ba ka ja layi sai ka gani da idonka; wanda ya ja don an ba shi labari ya zubar da mutuncinsa a cikin tsara. A Najeriya ma akwai irinsu. Francis Jaekel, tsohon jami'in reluwe, ya rubuta tarihin layin dogon ƙasar a mujalladi uku da aka buga a 1997, kuma gidan da ke ɗauke da sunansa a Ebute Metta ta Legas ya zama ɗan gidan tarihi da masu kishin kayan tarihi suka gyara. Mutanen da suka saba da tambayar lamba nawa, ran wace rana, wa ya gani, su ne sukan fara gano inda na'ura ta yi tuntuɓe.

Layi a takarda, layi a ƙasa

Manhajar hira ba kundin rajista ba ce da ake buɗewa a duba. An horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubuce har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Inda rubutu ya yi yawa kuma ya daidaita, hasashen kan faɗa kan gaskiya. Inda ya yi ƙaranci, ba ta yin shiru. Takan cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga, da sunaye da lambobi, alhali ba a taɓa yin shari'un ba. Idan haka ta faru a fagen da rubutu ya fi ko'ina yawa, to ina ga tarihin sufurin Kebbi?

Matsalar dogo a wannan yanki ma ta wuce ƙarancin rubutu. Rubutun da ke akwai, yawancinsa na alƙawari ne. Shekara da shekaru sunayen layuka biyu na fitowa a takardun Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya a jerin waɗanda ake binciken yiwuwar gina su: ɗaya daga Zariya ta Ƙaura Namoda zuwa Sakkwato da Illela har Birnin Ƙonni, ɗayan kuma daga Illela ta Sakkwato da Jega da Yawuri zuwa Makera. Na biyun shi ne ya shafi Gwandu da Kalgo kai tsaye, tun da Jega maƙwabciyarsu ce. Duk sanda wani minista ko ɗan majalisa ya ambaci ɗaya daga cikinsu, jaridu su buga, shafuka su kwafa. Ranar da aka wayi gari ba a yi komai ba kuwa, babu mai buga labari. Na'urar da ta koyi duniya daga rubutu sai ta tarar da ambato ɗari na layin, ba ta tarar da ko ɗaya mai cewa har yanzu gonakin gero ne a wurin.

Tsakanin furucin ɗan siyasa da fasinja na farko akwai matakai da yawa, kuma kowanne yana iya zama kabarin aikin. Akwai binciken yiwuwa, akwai zanen injiniyoyi, akwai amincewar Majalisar Zartarwa ta Tarayya, akwai sanya hannu kan kwangila, wanda shi kansa ba kuɗi ba ne. Sai a nemo rance, sai a sa kason gwamnati a kasafi, sai a saki kuɗin, abin da ya sha bamban da rubuta shi a kasafi. Bayan nan ne ake biyan diyyar gonaki, a share hanya, a shimfiɗa, a gwada. Kanun labarai kan dunƙule waɗannan duka cikin kalma guda, "an amince", manhaja kuma ta ƙara dunƙule su a taƙaitawarta. Mai karatu a Kalgo ya tashi da fahimtar cewa aiki ya kankama.

Babu misalin da ya kai na Dosso. Mutane kaɗan ne suka lura cewa wannan gari na Jamhuriyar Nijar ya fi Ƙaura Namoda kusa da Kalgo. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo mai tsawon kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa can, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da shi a Janairun 2016, da nufin ya zarce ta Gaya, wadda ke daura da Kamba, ya haɗu da tsohon layin Binin da ya tsaya a Parakou. Rikicin shari'a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Binin ya tsayar da komai, layin kuma bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba. Ga tasha, ga hotunan biki, ga ranar ƙaddamarwa, ga zane a taswira. Duk alamar da na'ura ke nema don ta ce akwai jirgi tsakanin Yamai da Dosso ta cika, ban da jirgin.

Mai sha'awar dogo zai ƙara da wata tambayar da manhaja ba ta cika tayarwa da kanta ba: faɗin layin nawa ne? Tsohon layin Ƙaura Namoda tazarar ƙarafansa milimita 1,067 ce. Na Dosso milimita 1,000. Sababbin layukan Najeriya, har da na Kano zuwa Maraɗi, milimita 1,435. Taragon ɗaya ba ya hawa ɗayan. Duk wanda ya ce za a "ƙarasa" layin Ƙaura Namoda zuwa Sakkwato ba tare da ya faɗi da wane faɗi ba, bai fara maganar kuɗi ba tukuna, domin amsar ita ce bambanci tsakanin gyaran tsohon layi da gina sabo tun daga Zariya.

Gwandu ba baƙuwar wannan ɗabi'a ta neman tushe ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin, ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya bayyana malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne. Manhajar hira mai ba da labari ce wadda sau da yawa ba ta iya faɗin wanda ta ji daga bakinsa. Waɗanda ke iya laluben intanet suna liƙa madogara, wannan ci gaba ne, amma sai an buɗe madogarar an karanta, domin akan tarar ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba.

Inda take biyan kuɗin sabulu

Duk da haka, wanda ya yi watsi da ita ya yi asarar ma'aikaci mai ƙwazo. Sirrin shi ne a ba ta takarda ta yi aiki a kai, maimakon a nemi ta kawo labari daga kanta. Kasafin kuɗin tarayya da Ofishin Kasafi ke wallafawa kundi ne mai shafuka sama da dubu, kuma ayyukan dogo a warwatse suke ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Jiragen Ƙasa. Matashin da ya sauke ɓangaren sufuri na shekaru uku a jere, ya sa manhaja ta tsamo duk sadarar da ta ambaci Sakkwato ko Jega ko Yawuri ta jera su da adadinsu, ya gama da yamma ɗaya aikin da a da kan ci mako. Sai ya koma shafin asali ya tabbatar da kowace lamba, tun da tana iya tsallake sadara ko ta haɗa biyu. Haka nan tana taimakawa wajen tsara wasiƙar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, da kuma fassara rahoton injiniyoyi daga Turanci ko Faransanci. Ga mai bibiyar abin da ke faruwa a tsallaken iyaka, a Gaya da Dosso da Maraɗi, wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Sai hotunan sama. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton kowane yanki kusan duk bayan kwana biyar, kuma kyauta ake kallonsu. Manhajojin gano sauyi suna iya kwatanta hoton bara da na bana su nuna inda aka share daji aka tara ƙasa, don haka mutum yana zaune a Kalgo zai iya bin sawun aikin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Jibiya ba tare da ya jira sanarwar minista ba. Iyakar abin a bayyane take: kowane ɗigo na hoton tsawonsa da faɗinsa mita goma-goma ne, faɗin dogo kuwa bai kai mita ɗaya da rabi ba. Za a ga an buɗe hanya, ba za a ga ko an ɗora ƙarfe ba. Wannan sai ɗan sa-kai ya je ya duba, kuma irin waɗannan 'yan sa-kai ne ke cike taswirar OpenRailwayMap, wadda ke bambanta layin da ake shawara, da wanda ake ginawa, da mai aiki, da wanda aka yasar. Rabe-raben nan huɗu su ne daidai abin da manhajar hira ke cakuɗawa.

Ta fuskar tarihi kuwa, na'ura ba ta karanta abin da ba a ɗauki hotonsa ba. Fayilolin zamanin Turawa da za su bayyana dalilin tsayar da layi a Ƙaura Namoda suna cikin ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna da makamantanta, sauran labarin kuma yana kawunan tsofaffin ma'aikatan reluwe a Zariya da Gusau, waɗanda kullum raguwa suke yi. Manhajar mayar da magana rubutu za ta sauƙaƙa wa wanda ya naɗi hirarsu, ko da yake Hausar Kano ta fi sabawa da ita, Sakkwatanci kan sa ta yi ta kame-kame.

A kan dogo na gaske

A ƙasashen da jirgi ke gudu, amfanin fasahar ba abin musu ba ne. A Birtaniya, jiragen duba layi na ɗauke da kyamarori a ƙarƙashinsu, manhaja na tace hotunan ta ware inda maƙalin ƙarfe ya ɓace ko ya goce, sannan ma'aikaci ya duba abin da ta ware. A Madukkarai ta jihar Tamil Nadu a Indiya, an kafa kyamarori masu ganin zafin jiki a 2024 don su hango giwaye kafin su hau layi, a gargaɗi direba ya rage gudu. Duk wanda ya san yadda garken shanu ke ratsa titi a ƙasar Hausa ya ga amfanin irin wannan. A yankin Pilbara na Ostireliya, jiragen tama na kamfanin Rio Tinto suna tafiya ba direba tun 2019, ana lura da su daga birnin Perth. Sai dai masana dogo kan ja hankali a nan: abin da ke hana jirage biyu karo tsayayyun ƙa'idoji ne da aka gwada aka tabbatar, ba na'urar da ke hasashe ba. Ita mai hasashen ana ba ta aikin nuni, ba a ba ta hukunci.

Kuma nuni ba ya gyara komai sai an sami mai gyarawa. A ranar 26 ga Agustan 2025 jirgin Abuja zuwa Kaduna ya goce daga layi a Asham. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta NSIB ya nuna cewa na'urar sauya layi ta tashar ba ta aiki da kanta, da hannu ake sarrafa ta, kuma an taɓa yin irin wannan gocewa a wurin. Ba a buƙaci wata basira ta musamman don gano lahanin ba, sananne ne. Haka harin 28 ga Maris 2022, wanda aka kashe aƙalla mutum takwas aka sace fiye da 60, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai Disamba. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido na kimanin naira biliyan uku ba a amince ba, rahotanni kuma suka nuna majalisar ta yi shakkar kamfanin da aka kawo ne. Ko ta wane ɓangare aka kalli gardamar, a teburin kwangila abin ya tsaya, ba a ɗakin kwamfuta ba.

Hoton da ya tsayar da jirage

Haɗarin da ya fi kusa da mai zaɓe a Kebbi shi ne na hoto. A Disamban 2025, bayan wata 'yar girgizar ƙasa a arewa maso yammacin Ingila, wani hoto ya bazu yana nuna gadar jirgin ƙasa ta Carlisle da ke Lancaster ta tsage. Hukumar kula da layukan dogo ta dakatar da jirage cikin dare har sai da ma'aikata suka je suka duba. Gadar lafiya lau take. Hoton ƙirƙira ne. Hukumar da ke da injiniyoyi da na'urori ba ta sami hanyar tabbatarwa ba sai ta tura mutum, gani ya kori ji.

A can an ƙaga ɓarna inda babu. A nan abin da ya fi yiwuwa shi ne a ƙaga aiki. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, hoton "tashar jirgin ƙasa ta Jega" mai gilashi da fitilu ba zai ci wa mai waya minti biyar ba. Idon masoyin dogo na da amfani a nan, domin manhajojin zane sun iya kyau amma ba su san aikin ƙarfe ba: layuka kan narke cikin juna ba tare da mahaɗa ba, tazarar ginshiƙan ƙarƙashin dogo kan rikice, a ga wayoyin lantarki a sama alhali layukan da ke haɗa biranen Najeriya da dizal suke aiki. Amma waɗannan kurakurai raguwa suke yi duk shekara, kuma manhajojin da ke iƙirarin gano hoton bogi su ma suna kuskure ta kowane ɓangare. Tambayar wa ya ɗauka, a ina, yaushe, ta fi su ƙarko.

Akwai kuma abin da ko na'urar da ba ta ƙarya ba za ta iya faɗa ba, wato ko layin zai ci riba. Hasashen kaya na buƙatar alƙaluma, cinikin albasar Aliero da Gwandu da shinkafar fadamun Kebbi kuwa yawancinsa a littattafan dillalai da ƙwaƙwalwar direbobi yake. Ko da an tattara, tarihi ya nuna dogo kan sauya abin da aka auna. Lokacin da jirgi ya isa Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai zai kwasa zuwa masaƙun Lankasha. Manoma da fataken Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, cikin 'yan shekaru ta mamaye taragai, daga baya ta zama dalar da ake sa wa a hoto. Babu lissafin da aka gina kan alƙaluman 1910 da zai hango haka.

Wani sauyin na baya-bayan nan ma yana iya kuɓuce wa manhajar da ta fi ƙoshi da tsofaffin rubuce-rubuce. Shekaru da dama amsar tambayar wa ke da ikon gina dogo ita ce gwamnatin tarayya kaɗai. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran kundin tsarin mulki da ya fitar da harkar jiragen ƙasa daga jerin ikon tarayya zalla zuwa jerin da jihohi ke da hannu. Wannan bai sa wa Kebbi kuɗin gina layi a aljihu ba, kuma babu mai hankalin da zai kwatanta kuɗin shigarta da na Legas, wadda jirginta na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023. Abin da ya sauya shi ne ɗan takarar gwamna ko na majalisar jiha ba zai ƙara fakewa da cewa ba huruminsa ba ne. Ana iya tambayarsa ko jihar ta taɓa neman kwafin binciken layin Illela zuwa Makera, ko ta keɓe filin da zai bi kafin gine-gine su cinye shi tsakanin Jega da Birnin Kebbi, ko ta zauna da Sakkwato da Zamfara da Neja a kan maganar. Manhaja za ta taimaka a tsara tambayoyin cikin Hausa da Turanci, ta kuma ajiye amsoshin a jere da ranakunsu, don a fito da su a 2031.